AGABE DA SISAL: A YI HATTARA DA WUƘA

Akwai wani tsiro da a kan dasa a ƙofar ofis da bakin filin makaranta, mai ganye kauri da tsini kamar mashi. Wanda bai san shi ba sai ya ce moɗa ce ta yi girma, ko kuwa kabar giwa. Ba ko ɗaya ba ne. Sunansa agabe, asalinsa kuwa daga ƙasar Meksiko ne da maƙwabtanta. Irinsa sun fi 200, amma wanda ya fi shahara a Afirka shi ne sisal, wanda a ke saƙa igiya da buhu da zarensa. Ya sami wannan suna daga wata tashar jiragen ruwa ta lardin Yukatan, inda a da a ke lodin zaren.

Abin da ya sa mu ka ɗauko zancensa shi ne, mutane da yawa su kan yi masa yanka irin na mangwaro ko dalbejiya, su na tsammani zai yi toho. To, ba ya yi. Agabe ba shi da rassa. Ido ɗaya tak gare shi, a can tsakiya, daga nan kowane sabon ganye ke fitowa a nannaɗe kamar tsinin ƙaho, sa'an nan ya buɗe, ya yi ta sunkuyawa ƙasa yayin da na bayansa ke tasowa. Ganyen da a ka yanke ya tafi ke nan har abada, wanda a ka datse rabinsa kuwa haka zai zauna da tabonsa. In wuƙa ta sami idon nan na tsakiya, uwar ta gama yin ganye.

Har ila yau ganyen nan shi ne rumbun tsiron, shi ne kuma randarsa. A ciki ya ke ajiye ruwa da abinci. Hikimar da Allah ya yi masa ita ce, da rana ya kan rufe 'yan ƙofofin numfashinsa don kada zafi ya zuƙe ruwan, sai da dare ya buɗe su. Shi ya sa ya ke shanye rani ba ko gezau. Wanda ya yi masa ƙwal-kwabo don neman tsabta, lalle ya fasa masa rumbu ne.

Babu inda a ka koyi wannan darasi da kyau kamar Tanganyika, watau Tanzaniya ta yanzu. A 1893 wani Bajamushe masanin aikin gona, Dokta Richard Hindorf, ya sa a ka aiko da 'ya'yan sisal 1,000 daga Fulorida ta ƙasar Amurka. Tafiya ta yi tsawo, 62 kaɗai su ka isa da rai, a ka dasa su a Kikogwe kusa da Pangani. Daga waɗannan 'yan ƙalilan a ka cika gandaye, har a 1964 ƙasar ta fitar da zare wajen tan 230,000, babu mai kama ƙafarta a duniya a lokacin. Daga baya igiyar roba ta karya kasuwar, Barazil kuma ta karɓe gaba. Amma ƙa'idodin yanka da a ka gwada a can, musamman a gonar gwaji ta Mlingano da a ka buɗe a 1934, su na nan da amfaninsu.

Ga yadda su ke. Sisal guda ya kan yi ganye 200 zuwa 250 a rayuwarsa, wadda ba ta cika wuce shekara 7 zuwa 10 ba. Ba a taɓa shi da wuƙa sai ya shekara biyu ko uku a gona. Ran yankan fari, a kan ɗebe na ƙasa ne kawai, waɗanda su ka sunkuya, a bar masa kamar 25 a tsaye. Yankan da ke biye, wanda a kan yi sau ɗaya a shekara ko kusa da haka, a bar masa wajen 20. A kan yanke ganyen inci ɗaya ko biyu daga jikin uwar, a fille ƙayar bakinsa nan take, a ɗaure dami-dami, a kai inji kafin kwana biyu, gama in ya yi yaushi zaren ba ya fita da kyau.

A nan ne haɗama ke shiga. Zaren da ke cikin ganye kaɗan ne ƙwarai, cikin fam 100 na ɗanyen ganye da ƙyar a sami fam 4. Saboda haka duk sa'ad da kuɗin zare ya hau, sai mai gandu ya ji kamar ya ƙara zurfafa wuƙa. In ya yi haka, bana ya ci riba, baɗi kuwa ganye ya fito gajere, siriri, gajeren zare kuma ba shi da daraja a kasuwa. Sakaci ma ɓarna ne. In an ƙyale shi ba yanka, ganyen ƙasa ya bushe a banza, tsiron kuma ya yi saurin fid da kara.

Karan nan shi ne ajalinsa. Sau ɗaya agabe ke fure a duniya. Sai wani kara ya ɓullo daga tsakiya, ya miƙe har ƙafa 15 ko 20 cikin 'yan watanni, ya kwashe duk abin da uwar ta tara, sa'an nan ta mutu. Turawa su kan kira wani irinsa tsiron shekara ɗari, wai sai ya yi ƙarni ya ke fure, amma ƙari ne, tsakanin shekara 10 da 30 ya ke yi. Sare karan ba ya fansar ranta, sai dai jinkiri. Manoman jihar Halisko ta Meksiko su kan sare shi da gangan da zarar ya leƙo, domin zaƙi ya tsaya a gindi, gama da gindin su ke dafa giyarsu da a ke kira tekila. Wannan ba abin da ya shafe mu ba ne, sai dai ya nuna inda abincin ke zuwa. Mu a ganinmu, wanda ke da shi a ƙofar makaranta ya bar karan ya tashi, yara su gani, in dai ba zai faɗo kan rufi ko waya ba. Bayan furen sisal ya kaɗe, 'ya'ya ɗaruruwa, har dubbai, su kan fito a kan karan, kowane da 'yan ganyayensa. A rene su shekara guda ko da rabi a fangali kafin dashe. Akwai kuma masu tsirowa daga gindi kamar na ayaba, a raba su da uwar tun su na ƙanana, a bar yankan ya sha iska kwana biyu ko uku kafin a binne.

Ga malami ko ma'aikacin da ke da guda biyu ko uku na ado, aikin kaɗan ne. A cire ganyen da ya bushe, ko ya karye, ko ya ruɓe. Wanda ya tare hanya, a datse ƙayar bakinsa kawai, gama ta na daidai idon ƙaramin yaro, mafi kyau ma tun farko kada a dasa shi inda yara ke guje-guje. A yi yankan da rani, da wuƙa mai kaifi wadda a ka wanke. Da damina funfuna ta kan shiga ta bakin yankan ta ruɓar da gindi, akwai kuma wani baƙin ƙwaro mai dogon baki da tsutsarsa ke huda cikin uwar, har a wayi gari ta kife. Wadda ta kamu a tumɓuke ta, a ƙone. Ban ruwa kuwa, yawansa ya fi ƙarancinsa kisa, wurin da ruwa ke kwanciya ba wurinsa ba ne.

Mai yankan ya sa riga mai dogon hannu, ya rufe hannuwansa da idanunsa, domin ruwan ganyen ya na sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu daɗewa. In ya taɓa fata, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa tun kafin a sosa.