Wayar da ba a neman ta sai wuta ta ɗauke a sama

Ina tsakar koya wa 'yan aji shida yadda lantarki ke bin waya, sai wuta ta ɗauke, irin dumsor ɗin da muka saba a Kumasi. Wani yaro ya ɗaga hannu: "Malam, to idan aka ɗauke wuta a jirgin sama fa?" Aji ya fashe da dariya. Ni dai na ce ya ba ni kwana biyu, don ba ni da cikakkiyar amsa.

Ga abin da na samo. A ƙananan jiragen alfarma da attajirai da shugabanni ke hawa, injinan jirgi ne ke juya janareto. In suka gaza, akwai batir, amma na ɗan lokaci ne. Jirgin Challenger, na kamfanin Bombardier a Kanada, yana da wata dabara ta ƙarshe: 'yar farfela a ɓoye kusa da hancinsa. Da wuta ta ɗauke gaba ɗaya sai ta faɗo waje, iska ta juya ta, ta ba matuƙi wutar da zai ga na'urorinsa ya sarrafa jirgi. Irin wannan farfela ta taimaki jirgin fasinja na Air Transat a Agustan 2001, da mansa ya ƙare a saman tekun Atlantika. Ya sauka a tsibiran Azores, mutum 306 suka tsira.

To ina matsalar? Wayar da ke ɗauko wuta daga farfelar. A tafiyar yau da kullum ba a amfani da ita, don haka ko ta lalace ba wanda zai lura. Girgiza na goga ta da ƙarfe, danshi na shiga mahaɗarta, bawonta na tsufa ya tsage. Kuma waya ba abin wasa ba ce: gobarar da ta hallaka mutum 229 a jirgin Swissair a Satumban 1998, masu bincike sun danganta ta da tartsatsin waya a saman ɗakin matuƙa. A 2007 hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta kafa ƙa'idar ɗaukar wayoyin jirgi a matsayin sashe mai zaman kansa da ake kula da shi.

Idan aka gano lahani a wani samfurin jirgi, hukumar ƙasar da ta ƙera shi ce ke fitar da umarnin dole, da wa'adi. Ƙasar da jirgin ke da rajista, kamar hukumar GCAA a nan Ghana, ita ke tabbatar an bi. Injiniya zai buɗe murfi, ya bi wayar da tocila da madubi, ya duba maɗaurai da mahaɗai, ya auna ko wuta na zurarewa. In ya ga gogewa, ba a naɗe ta da salatif kamar yadda muke yi a gida. Sabuwa ake sawa, a gwada, sannan ya sa hannu a littafin jirgi.

Jirgin attajiri kan yi makonni a ajiye, amma tsatsa ba ta jiran sai an tashi. Shi ya sa ake ƙirga wa'adi da watanni, ba awannin tashi kaɗai ba. Mai jirgi na sauri, kwanan gyara kuɗi ne, amma rayukan matuƙa da ma'aikata amana ce a wuyansa.

Na kai wa yaron amsarsa. Da aka tashi, na zagaya bayan ofis na duba wayar janareton makarantarmu, wanda rabon a tayar da shi tun jarrabawar bara. Wallahi ɓera ya ci rabinta.