Wayoyi Biyu Da Ke Ceton Rai A Teku

Mu da muke zaune a Tema da Takoradi mun san yawan 'yan'uwanmu da ke neman abinci a bisa ruwa. Akwai wani ƙaramin aiki da masu jirage sukan raina, alhali ran mutum na iya rataya a kansa, wato haɗa na'urar GPS da rediyon jirgi.

Ita GPS taurarin ɗan'adam ne na Amurka, aƙalla 24, masu kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,200. Tun watan Mayu na 2000, da Amurka ta daina rage ingancin saƙonsu da gangan, na'urar kan nuna inda jirgi yake da kuskuren 'yan mitoci kaɗan. Amma sanin da ya tsaya a cikin akwati ɗaya ba ya kawo ɗauki.

Rediyon VHF na zamani yana da jan maɓalli na neman agaji. Idan aka danna shi, sai ya aika da saƙo ta tasha ta 70, ɗauke da lambar jirgin mai alƙaluma 9, wadda ake kira MMSI. Ta jiragen Gana tana farawa da 627. Idan an haɗa shi da GPS, saƙon zai faɗi daidai inda jirgin yake. In ba a haɗa ba, masu ceto za su ji kukan, amma ba su san inda za su dosa ba.

Na'urorin suna magana da juna ne ta wata ƙa'ida mai suna NMEA 0183, wadda ta fito a 1983. Ɗaya ce ke magana, sauran suna saurare. Saboda haka wayoyi biyu na fitar saƙo daga GPS ake kaiwa mashigar saƙo ta rediyo. Kada mu dogara da launin waya, domin kowane kamfani da nasa. A duba littafin na'urar. Saurin maganar ma sai ya zo ɗaya: yawanci 4,800 ne, amma na'urar AIS mai nuna jiragen da ke kusa 38,400 take amfani da shi. Sabuwar ƙa'ida, NMEA 2000, ta sauƙaƙa aikin, domin kebul ɗaya ne kowace na'ura ke jonawa, har da mai nuna taswira da mai gano kifi. Wasu sababbin rediyoyin ma da GPS ɗinsu a ciki suke zuwa.

Gwajin ba wuya. A kunna duka biyu, in alƙaluman wurin sun bayyana a fuskar rediyo, to an dace. Kada a danna jan maɓallin don gwaji. A riƙa duba mahaɗar wayoyin kuma, domin gishirin teku yana cin su.

Kafin ɗanmu ya hau jirgi, mu ce masa ya dubi fuskar rediyon nan. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kai su lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.