Wa Ke Riƙe da Akala a Kumbunan Farko?

An ƙera kumbon Vostok 1, wanda ya ɗauki Yuri Gagarin ranar 12 ga Afrilu, 1961, domin ya tuƙa kansa. Likitocin Tarayyar Sobiyet na fargabar hankalin mutum zai iya gushewa idan jikinsa ya rasa nauyi a sararin samaniya. Saboda haka aka kulle maɓallan tuƙi da lambar sirri, aka rufe ta cikin ambulan don ranar larura kawai. Rokar da ke rage gudu domin dawowa guda ɗaya ce tak, ba ta da madadi. Dabarar da aka yi don ko da ta ƙi aiki ita ce a tsara kumbon ya kewaya ƙasa-ƙasa, yadda iskar sama za ta janyo shi cikin kwana goma, aka kuma ɗora masa guzurin kwanakin. Wajen sauka, kujera ce ta harbo Gagarin waje daga nisan kusan kilomita bakwai, ya ƙarasa da lema.

Amurkawa sun bi wata hanya a shirin Mercury. 'Yan sama jannatinsu gogaggun matuƙan gwajin jiragen yaƙi ne, sun kafe sai an ba su taga da sandar tuƙi. A saman kumbon kuma injiniya Maxime Faget ya ɗora hasumiyar roka da za ta fizge shi daga uwar rokar idan tashi ya ɓaci. Tashoshi a faɗin duniya ke bibiyarsa, ɗaya daga ciki tana Kano.

Kafewar nan ta yi rana. A Mayun 1963 wutar kumbon ɗaya daga cikinsu, Gordon Cooper, ta samu matsala gab da dawowa, na'urar daidaita shi ta mutu. Da agogon hannu da alamomin da ke jikin taga ya saita kumbon, ya kunna rokokin da kansa, ya sauka a teku kusa da jirgin ruwan da ke jiransa.

Amma gaggawar gasa tsakanin ƙasashen biyu ce ta fi cutar da tsaro. A 1964 an cusa mutum uku a kumbon Sobiyet Voskhod 1 babu rigar kariya, babu kujerar tsira, wanda ganganci ne tsantsa ko da sun dawo lafiya. Ranar 27 ga Janairu, 1967, gobara ta kashe mutum uku cikin kumbon Amurka Apollo 1 ana gwaji a ƙasa: iskar ɗakin oksijin ce zalla, ƙofar kuma ciki take buɗewa. Daga nan aka sauya ƙofar, ta koma buɗewa waje cikin daƙiƙu kaɗan.