Hutun kwana huɗu a gaɓar tekun Ghana: A Accra za a kama masauki ko a Cape Coast?

Ga ɗan Najeriyar da ya samu hutun kwana uku ko huɗu, gaɓar tekun Ghana na cikin wuraren da suka fi sauƙin zuwa. Ba a buƙatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, sai fasfo da katin rigakafin shawara, kuma tafiyar jirgi daga Legas kimanin awa ɗaya ce. Abin da ya fi ɓata wa mutane hutun shi ne garin da suka zaɓa su ajiye jaka.

Galibi a Accra ake sauka, kuma da dalili. Nan jirgi ke sauka, nan otal-otal suka fi yawa, sannan Bahaushe ba baƙo ba ne a Nima da Mamobi, inda zai yi ciniki da harshensa. Ga bakin tekun Labadi, ga babban masallacin ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021.

Sai dai wuraren da aka fi zuwa gani suna can yamma, kusan kilomita 150 daga Accra. Hanyar ta ratsa Kasoa, garin da ya yi ƙaurin suna wajen cunkoson motoci, don haka awa uku ce idan an yi sa'a. Wanda ya ce zai je ya dawo a rana ɗaya zai shafe awa shida ko fiye a mota, ya isa rana ta take, ya zagaya a gurguje. Ga mai tafiya da yara ko tsofaffi, wannan wahala ce aka biya kuɗi aka saya.

Shi ya sa Cape Coast ta fi dacewa da gajeren hutu. A tsakiyar garin, a bakin ruwa, gidan kurkukun bayin nan yake, wanda Barack Obama ya ziyarta a 2009. Garin ne hedikwatar Turawan Ingila a yankin har zuwa 1877, lokacin da suka koma Accra. Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwarsu a 1482, ba ta kai kilomita 15 daga nan ba. Dajin Kakum mai gadojin igiya bakwai da aka rataya a saman bishiyoyi yana kimanin kilomita 30 a arewa, kuma da sassafe ya fi daɗin shiga, kafin motocin 'yan makaranta su iso. Mai kwana a Cape Coast zai ga duk ukun cikin kwana biyu, ya samu la'asar ta shan iska.

Akwai kuma batun ciki da na salla. A kewayen kasuwar Kotokuraba akwai zango, da masallaci, da masu sayar da waakye, wato shinkafa da wake da ma sunanta daga Hausa ya samo asali. Nan ne kuma ake samun tasi da ƙananan motocin haya na trotro.

Wasu sun fi son Elmina saboda otal-otal ɗinta na bakin teku, kuma kallon ɗaruruwan kwale-kwalen masunta da safe abin a je ne, ban da ranar Talata da bisa al'ada ba sa fita kamun kifi. Amma da yawan otal-otal ɗin a bayan gari suke. Ko ruwan sha mutum zai saya sai ya nemi tasi.

Wanda wanka ne ya kai shi, ya yi hattara: igiyar ruwan wannan yanki tana da ƙarfi, tana jan mutum ciki. Busua, gaba da Takoradi, ta fi suna wajen iyo, amma ƙara ta cikin kwana huɗu na nufin wata doguwar tafiyar da sake ɗaure kaya.

Lokaci ma abin dubawa ne. Ruwan sama ya fi yawa a Mayu da Yuni, ɗakuna kuma kan yi wuya lokacin bikin Bakatue na Elmina a farkon Yuli, da Fetu Afahye na Cape Coast a farkon Satumba. Idan jirgin komawa na safe ne, daren ƙarshe a yi shi a Accra, don Kasoa ba ta san mai sauri ba.