Tafiya Makka A Ƙasa: Ayarin Da Har Yau Bai Gama Komowa Gida Ba

Kowace shekara idan watan Zulƙida ya kama, akan ga haramar tafiya a unguwar Karmo da ke yammacin birnin Abuja. Maniyyata aikin Hajji, waɗanda galibinsu 'yan kasuwa ne da direbobi da magina da iyayensu suka taso daga Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato, sukan bi gida-gida suna sallama da neman gafara. Daga nan sai sansanin alhazai, sai Filin Jirgin Sama na Nnamdi Azikiwe, kafin awa shida kuwa mutum ya sauka Jidda ko Madina. In jirgi ya yi jinkirin kwana biyu sai ƙorafi ya cika gari. Ba a kuma ga laifinsu ba, gama wanda ya biya kuɗin kujera fiye da naira miliyan 8, kamar yadda aka biya a 2025, yana da bakin magana.

Amma fa da wuya a sami ɗaya cikin waɗannan bayin Allah da ba shi da wani kaka ko kakan kaka wanda ya yi wannan tafiya a ƙasa, da jaki da salka da tabarma, yana kwana inda dare ya yi masa. Nisan da ke tsakanin Kano da gaɓar Bahar Maliya ya haura mil 2,000. Waɗansu sun ci shi cikin shekara biyu, waɗansu biyar, waɗansu goma, waɗansu kuwa jikokinsu na can bisa hanya har yanzu.

Hanyar da ake magana a kanta ba ita ce ta farko ba. Sarakunan da, irin su Mansa Musa na Mali wanda ya yi Hajji a 1324, Sahara suka riƙa ratsawa su ɓulla Misira. Hanya ce ta masu raƙuma da dukiya. Talaka bai sami tasa hanyar sosai ba sai a farkon ƙarni na 20, bayan da aka kashe Rabe a Kusiri a 1900, Faransawa suka ci Abeshe ta ƙasar Wadai a 1909, Turawan Ingila kuma suka rushe mulkin Sarkin Darfur Ali Dinar a 1916. Abin mamaki a nan shi ne, mulkin Nasara da jama'a da yawa suka yi ƙaura don gudunsa, shi ne ya rage hare-hare a kan hanyar gabas har mai jaki ɗaya ya iya bin ta.

Gudun Nasara kuwa shi ya tayar da ayari mafi girma da aka taɓa gani a wannan hanya. Da Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kama hanyar gabas, jama'a suka yi ta barin gonaki da gidaje suna bin sa. Aka tare su a Burmi, ta ƙasar Gombe, inda ya yi shahada a ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka ci gaba, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno. Bayan haka duk wanda ya taso daga ƙasar Hausa ya san yana da masauki a Sudan.

Shi mai niyya a wancan zamani ba ya tashi sai ya biya bashin da ke kansa, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar dangi da maƙwabta, domin ba a sa ran komowarsa kamar yadda ake sa ran wanda ya tafi cin rani. Da yawa ma da iyalinsu suke tashi, mata da 'ya'ya da tsofaffi. Akan jira a kawar da amfanin gona, ƙasa ta bushe, sa'an nan a ɗaura kaya. Guzuri shi ne gero da garin dawa da ƙuli-ƙuli da dakuwa da kilishi, sai 'yar hajar da za a riƙa sayarwa a hanya, kamar goro da baƙin rini da fatu da allurai. Malami ya rataya gafakarsa, wanzami ya ɗauki zabirarsa, maɗinki ya soke allurarsa a hula. Kowa da sana'arsa yake tafiya, don ita ce ainihin guzurin.

Tsarin ayarin kuwa aro ne daga fataken Gwanja. Akwai madugu, wanda ya san hanya da rijiyoyi da harsunan mutanen da za a ratsa, shi ne ke ganawa da sarakuna a kan kuɗin fito, shi ke raba gardama. Akan tashi da asuba bayan salla, a yi ta tafiya har rana ta take, sa'an nan a ya da zango. Nan da nan a sauke mangaloli, a ɗaure jakuna a turke, samari su shiga daji neman itace da ciyawa, mata su kafa murhu da duwatsu uku, a kakkafa 'yan bukkoki da zana ko tabarmi. Inda ake tsoron kura ko ɓarayi sai a kewaye zangon da ƙaya, a hura wuta, a raba dare tsakanin masu tsaro. Da magariba a yi jam'i, yara su ɗauko alluna su yi karatu a hasken wuta. Kashegari a tashi a bar toka da turaku, wani ayarin ya zo ya tarar.

Daga Kano akan bi ta ƙasar Barno, a wuce Maiduguri da Dikwa, a ratsa ɗan wuyan Kamaru zuwa Kusiri. Wannan yanki baƙar laka ce, da damina ko jaki ba ya iya fitar da ƙafarsa, saboda haka wanda ruwa ya riske shi a nan sai ya nemi gona ya yi noma. A Kusiri a shiga kwalekwale a haye kogi zuwa Fot Lami, wadda aka sake wa suna Njamena a 1973. Daga nan sai Ati, sai Abeshe, sai Adire a bakin iyaka, sai Janaina, garin farko na Sudan, inda hukuma ke duba takardu da lambar agana. Waɗanda ba su da takarda sukan saki hanya su zaga ta daji da dare.

Gabas da Janaina ne tafiya ke nuna wa mutum halinta. Tsakanin Fashir da Nuhud da Ubayyid rairayi ne, rijiyoyi kuma nesa da juna. Mutanen yammacin Kurdufan suna da wata dabara da kan ba Bahaushe mamaki: itacen kuka, wanda mu muka sani da miya, su rumbun ruwa ne a wurinsu. Sukan rarake cikinsa su cika shi da ruwan sama da damina, da rani su riƙa ɗiba da guga, su sha su kuma sayar wa matafiya. Inda babu kuka kuwa kankana ce ruwan mutum da na dabbarsa. Zazzaɓi da gudawa da ƙishirwa sun kwantar da mutane masu yawa a wannan tsakani, aka yi musu sutura a gefen hanya, ba alama sai reshen ƙaya da aka ɗora don kada kura ta tone.

Wanda Allah ya kai shi Ubayyid ya ga titin jirgin ƙasa, wanda ya iso garin wajen 1912. To amma jirgi sai da kuɗi, guzurin gida kuwa ya daɗe da ƙarewa. A nan ne maganar Hausawa ta sannu ba ta hana zuwa ta sami wurin zama. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, sai ga aiki ya samu. Mutanenmu suka shiga tsintar auduga da yanke dawa a Wad Madani da Gadarif da Kasala, waɗansu suka kama ga-ruwa da dako da wanki da yankan farce, mata suna tuyar ƙosai da waina. A tara na jirgin ƙasa bana, a tara na jirgin ruwa baɗi, haihuwa ta zo ta cinye, a sake sabon tari. Masu gonakin sun san darajar waɗannan ma'aikata, don haka ba su ƙosa su ga sun wuce ba.

Mataki na ƙarshe shi ne tashar Sawakin, kudu da Fot Sudan, inda ake tsare alhazai 'yan kwanaki a duba lafiyarsu kafin su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wanda ya kasa biya, ko ba shi da fasfo, sai ya faɗa hannun masu ƙananan jiragen iska da ke fito a ɓoye. Waɗansu an sauke su a gaɓar da babu ruwa babu gari, waɗansu teku ta ci su. Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa ba: an yaudari bayin Allah an sayar da su, musamman yara, a can Hijaz, domin Sa'udiyya ba ta haramta bauta ba sai a 1962.

Saboda haka a wancan zamani kalmar Alhaji ba ƙaramar kalma ba ce. Gari guda kan wayi gari da Alhaji ɗaya tak, in ya komo a fita bayan gari a tarye shi, a yi ta shafar hannunsa. Sau da yawa yakan dawo da Larabci a bakinsa da furfura a gemunsa, ya tarar an raba gadonsa.

Mota ce ta fara gajarta wahalar. A 1948 waɗansu attajiran Kano, watau Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma wadda aka fi sani da WAPA, suka sa manyan motoci a kan hanyar Sudan. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Sai dai kada mai karatu ya zaci hutu aka samu. A saman kaya ake zama, rana ta doke ka, ƙura ta rufe ka. In mota ta kafe a yashi kowa ya sauko a tura, in wani ƙarfe ya karye a yi zango a wurin, ko da mako biyu ne, har yaron mota ya je gari ya komo. Dare ya yi a shimfiɗa tabarmi a gindin mota, mata gefe guda maza gefe guda. Madugu ya zama direba, amma zango yana nan yadda yake.

Jirgin sama shi ya kashe hanyar. Tun cikin shekarun 1950 masu hali suka fara tashi daga Kano, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ma ya yi Hajjinsa na farko a 1955. Yaƙin basasar Cadi da ya ɓarke a 1965 ya ƙara tsorata matafiya, kuɗin man fetur kuma ya sa kujerar jirgi ta zo hannun manomi da ɗan tireda. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, daga baya kuma aka kafa hukumar NAHCON a 2006. Ko da aka yanke shawarar gina sabon babban birni a Abuja a 1976, wanda shi ya tara jama'ar da ke Karmo a yau, tafiya Makka a ƙasa ta riga ta zama sai ɗaiɗaiku.

Saura waɗanda hanya ta riƙe. Mutanen Sudan suna kiransu Fallata ko Takari, sunan da sau da yawa ke ɗauke da raini. Wani masani ɗan ƙasar Gana, Bawa Yamba, ya zauna da su a ƙauyukan Jazira, ya kuma wallafa littafi a kansu a 1995, inda ya nuna cewa har jikoki da tattaɓa-kunne da aka haifa a can suna ɗaukar kansu matafiya ne da ba su ƙarasa Makka ba tukuna. Suna jin Hausa, suna tuƙa tuwo, suna aurar da 'ya'yansu a tsakaninsu. Amma fiye da shekara ɗari bayan saukar Mai Wurno, maganar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo ba ta mutu ba. A watan Yuli na 2022 rikici ya tashi a Jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a kan ƙasa da sarauta, aka kashe mutane fiye da ɗari, dubbai suka bar gidajensu. A nan gida kuwa, in ban da 'yan kwanaki da aka yi ana jimami a rediyo, ba a ga wani abin kirki da aka yi a kai ba, alhali babu wata tsohuwar zuriya a Kano ko Haɗeja ko Katagum da za ta rantse ba ta da jini a can.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya bi tsohuwar hanyar alhazai kamar yana karanta taswira. Aka yi kisan gilla a Janaina, Wad Madani ta faɗa hannun mayaƙan RSF a watan Disamba na wannan shekara, soja ba su karɓe ta ba sai a Janairun 2025. Ɗaliban Nijeriya da ke Hartum a motocin safa aka kwashe su, waɗansu zuwa iyakar Misira, waɗansu zuwa Fot Sudan. Su ma maniyyatan Karmo abin bai bar su ba, domin da aka rufe sararin samaniyar Sudan a 2023 sai da jiragen alhazai suka yi zagaye, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera.

A Adire kuwa, garin da kakanninmu ke kwana kafin su taka ƙasar Sudan, an sake ganin ayari na jakuna da amalanke da mata ɗauke da tabarmi da tukwane, an kuma sake kafa bukkoki a bayan gari. Wannan karon daga Janaina suka fito, yamma suka nufa.