Tadigired: Ƙaramar Halitta Mai Jure Fari

Duk wanda ke zaune a Moduganari, cikin Maiduguri, ya san halin kogin Ngadda: da damina ya cika, da rani ya ja baya. Idan ruwa ya ƙafe, kifi yakan mutu. Amma akwai wata halitta wadda bushewa ba ta cika kashe ta ba. Sunanta tadigired.

Tadigired tana da ƙafafu takwas, kuma tsawonta yawanci bai kai milimita ɗaya ba. Saboda haka sai da na'urar hangen ƙananan halittu ake ganinta sosai. Wani Bajamushe mai suna Goeze ne ya fara bayyana ta a shekarar 1773.

Akwai irinta fiye da 1,000. Wasu suna zaune cikin gansakuka, wasu cikin ruwan daɗi, wasu kuma cikin teku. Akwai ma masu rayuwa a ruwan zartsi, wato inda ruwan kogi yake gauraya da ruwan gishiri, kamar a gaɓar Denmark.

Idan fari ya zo, irin da ke cikin gansakuka takan janye ƙafafunta, ta dunƙule, ta bushe kamar ƙwayar ƙura. Tana iya yin shekaru haka. Da zarar ruwa ya taɓa ta, sai ta farfaɗo.

Masana suna nazarin wannan baiwa domin su gano yadda za a adana magunguna ba tare da firiji ba. Ga ƙasa mai zafi da ƙarancin lantarki, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.