Ciwon Bororon Fata da Sauya Ruwan Jini



Akwai wani ciwo da likitoci ke kira famfigus. Yawanci a baki yake farawa: gyambo ya fito a dasashi ko cikin kumatu, ya ƙi warkewa, har haɗiyar kunu ta gagara. Daga baya bororo ya feso a jiki kamar na ƙunar ruwan zafi, da an taɓa ya fashe, wurin ya saluɓe. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa, don haka kada a ware wa mai shi kwano ko tabarma.

To me ke kawo shi? Garkuwar jikin mutum ce ke ruɗewa, ta riƙa ƙera wasu sinadarai masu cinye ɗankon da ke riƙe ƙwayoyin fata. Sinadaran nan a cikin ruwan jini suke yawo, wato ruwan nan mai launin ɗorawa wanda ya ɗan fi rabin jininmu.

Idan ciwo ya tsananta, magani ya kasa, likita kan ce a sauya ruwan jini. Sai a haɗa majiyyaci da na'ura ta jijiya. Na'urar ta ja jini, ta ware ruwan a zubar, ta mayar da ƙwayoyin jinin tare da wani ruwa mai tsabta. Zama ɗaya kan ci awa 2 zuwa 3, kuma ana maimaitawa. Wata takan ji jiri, wata leɓe da yatsu su yi mata tsiri-tsiri, sai ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya nan take.

Kada ki ce ai ƙaho ma haka yake yi. Ɗan jinin da wanzami ke zuƙowa ba ya rage komai, ga tsagar aska a fatar da take saluɓewa.

Amma fa ki riƙe wannan, uwargida: na'urar kwalfe rijiya take yi, idon ruwan yana nan. Jiki zai sake ƙera sinadaran cikin kwanaki, shi ya sa ake haɗawa da maganin danne garkuwa irin su prednisolone, ko rituximab da Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a 2018. Ko fata ta yi sumul, ba a yanke prednisolone farat ɗaya. Likita ne ke rage shi kaɗan-kaɗan.